Ɗakin Da Muka Gina Wa Inna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da dattawanmu ke shiga a cikin gidajenmu idan bazara ta kama.

Mu a ƙasar Hausa ba mu saba kai iyaye gidan kula da tsofaffi irin na Turai ba, kuma muna gode wa Allah a kan haka. Gidan tsofaffinmu shi ne gidan gado, inda jika ke kai wa kaka butar alwala. Amma su masu irin waɗancan gidaje sun riga mu gane wani abu. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi. Bayan nan hukuma ta wajabta wa gidajen kula da tsofaffi su tanadi aƙalla ɗaki ɗaya mai sanyi da za a riƙa fakewa a ciki. Mu da gidajen tsofaffinmu suke hannun 'ya'ya da jikoki, wa zai wajabta mana in ba mu kanmu ba?

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, a cikin birnin Zariya. Shekarun baya da Allah ya ɗan buɗa mana, ni da ƙannena muka haɗa kuɗi don mu kyautata wa mahaifiyarmu. Ɗakinta soro ne na ƙasa tun na aurenta, bango mai kauri, rufin azara, ga wata tsohuwar darbejiya a bakin ƙofa da randarta a gindi. Muka ga ai bai dace a ce tana da 'ya'ya masu aiki tana kwana a ginin ƙasa ba. Muka rushe soron, muka tayar da na bulo, muka rufa kwano. Kuɗi suka ƙare kafin a kai ga silin, muka ce sai baɗi. Magini ya ce saiwar darbejiya za ta fasa harsashin gini, muka sa aka sare ta. Tsakar gida kuma muka malale ta da siminti don a huta da taɓo. Inna ba ta ce komai ba sai "Allah ya yi muku albarka."

Bazarar farko, wani dare wajen ƙarfe biyu na fito, sai na tarar da ita zaune a kan tabarma a bakin ƙofa. Ta jiƙa zane ta yafa a kafaɗa, mafici a hannu, tana numfashi sama-sama. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Ɗakin ne ba ya shiguwa." Na shiga na ɗora tafin hannuna a bango, na ji shi da ɗumi kamar bayan tanda, ga shi rana ta faɗi tun awa bakwai da suka wuce. Ashe ta kwana biyu tana haka, kunya da kawaici suka hana ta faɗa, kada mu ga kamar ta raina abin da muka yi mata.

Daga baya na fahimci abin da magabata suka sani ba tare da sun shiga aji ba. Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin zafin ya ratsa ciki rana ta yi sanyi. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi yake juye zafin a kan mai ɗaki. Simintin tsakar gida yini yake yana tara rana, da dare ya amayar. Itace kuma ba inuwa kaɗai yake bayarwa ba, ruwan da ke fita ta ganyensa yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi. Bangon ƙasa da itacen da ƙasar tsakar gida, duk mun raba Inna da su a wata guda, da kuɗinmu, da kyakkyawar niyya.

Kuma jikin tsoho ba kamar na yaro ba ne. Ba ya yin gumi yadda ya kamata, ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da ruwan jikinsa ya ragu. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, su ƙara ƙarar da ruwan. Idan dare bai yi sanyi ba, zuciya ba ta samun hutu. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma wani babban asibiti a Bamako ya ba da rahoton rasuwar mutum 102 a kwana huɗu, fiye da rabinsu sun haura shekara 60. Mu ma a Maris da Afrilu mukan yi ta zuwa jana'izar dattawa, mu ce kwana ya ƙare. Kwana na Allah ne, babu musu. Amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma ɗakin da ya zama murhu sababi ne da muke iya gyarawa.

Ba cewa nake kowa ya koma ginin ƙasa ido rufe ba. Ginin ƙasa yana son kulawa, a yi masa yaɓe kafin damina, a duba indararo, a sauya azarar da gara ta ci. Babban Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 ya nuna wa duniya iyawar maginan Zazzau, amma dukanmu muna tuna ranar da wani sashensa ya rufta a Agustan 2023 aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Tsohon gini amana ne mai nauyi. Abin da nake cewa shi ne, kafin a rushe ɗakin tsoho a tambaye shi, a kuma tambayi wanda ya san gini ko gyara zai wadatar. In kuma bulo za a yi, to kada a ce silin sai baɗi. A yi taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. A ɗaga rufi sama. A shafa wa kwano farin fenti, yana mayar da hasken rana sosai.

Sai maganar hayaƙi. Duk gidan da ka shiga, wa ke zaune kusa da murhu tana gyara wuta tana tsinke zogale? Kaka ce. Tun da gas ya yi tsada mutane da yawa suka koma itace da gawayi, ana kuma hura wutar da leda, wanda hayaƙinta ya fi na itacen cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Tarin da muke cewa na tsufa ne, sau da yawa na hayaƙin shekara hamsin ne. Murhu mai tattalin itace ba shi da tsadar da ta fi ƙarfin gida, kuma yana rage hayaƙi, yana rage saran itatuwa. Janareta ma hayaƙi yake fitarwa. Matasa kan nisantar da shi daga nasu ɗakin saboda ƙara, sai ya ƙare a bayan tagar tsoho. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ma ba kowa ke iya tayar da shi ba. Ƙaramin faifan sola da batir da fanka ɗaya da ƙwai ɗaya sun ishi ɗakin dattijo, ba ƙara, ba hayaƙi, ba sayen mai.

Zariya gari ne na itatuwa tun asali. Sunayen unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko shaida ne. A gindin durumi da ceɗiya da tsamiya dattawa ke yin majalisa bayan azahar, nan ake jin wanda bai fito ba a aika a duba shi. Idan aka sare itacen aka kafa shago, ba inuwa kaɗai aka rasa ba, majalisar ce ta watse, kowane tsoho ya koma ɗakinsa shi kaɗai da zafi.

Don haka ina kira ga masarautar Zazzau da masu unguwanni su hana sare manyan itatuwan ƙofar gida da na masallatai sai da dalili mai ƙarfi, kuma wanda ya sare ɗaya ya dasa madadinsa. Limamai su tuna mana a huɗuba kafin bazara cewa dashen itace sadaka ce matuƙar mutum ko tsuntsu ko dabba na amfana da shi, kamar yadda ya zo a hadisi, su kuma tuna mana mu riƙa leƙa tsofaffin da ba su da kowa. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na zanen gine-gine, muna da tashar binciken gandun daji a Samaru. Ina ma malamai da ɗalibai za su zauna da maginanmu na gargajiya su fitar da tsarin ɗaki mai sanyi da talaka zai iya ginawa, su bayyana shi da Hausa a rediyo. Cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da ta fara aiki a 2021 ita ma ya kamata ta sa maganar zafi da hayaƙi cikin ayyukanta.

Mu dai mun yi abin da ya sawwaƙa. Mun sa silin, mun huda taga ta biyu, mun kafa rumfar zana a bakin ƙofa, mun mayar da randa mazauninta, mun sayi fankar sola. Mun fasa simintin tsakar gida daidai faɗin tabarma biyu, muka dasa darbejiya da mangwaro nesa kaɗan da bango. Ɗakin yanzu yana kwanuwa, ko da yake bai kai tsohon soron ba. Darbejiyar ta wuce tsayina, amma inuwarta ba ta isa a shimfiɗa tabarma ba tukuna. Inna ta doshi tamanin. Kullum a gindinta take alwala don ruwan ya shiga saiwa, kuma ta hana jikoki ɗaure akuya a jikinta.

Edita, ina roƙon idan Maris ya zo ka turo wakilinka cikin birni da tsakar rana, ya shiga ɗakunan dattawa uku ko huɗu da izinin masu gida, ya zauna minti goma a kowanne, ya rubuta abin da ya ji.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Birnin Zariya.