Zuwa ga mutumina na Alƙahira

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya sanyin Masar? Wata huɗu ba kira ba saƙo, sai dai in ga hotonka a gaban dala ka wani toshe ido da baƙin gilashi. To na yafe. Dama batun littafin nan da na ce ka nemo min zan tambaye ka, amma bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Autanmu ba lafiya. Tun bayan ƙaramar sallah ya daina cin abincin gida wai an zuba masa wani abu, ya liƙe kyamarar wayarsa da salatif, cikin dare sai ka ji yana ba wani amsa alhali shi kaɗai ne a ɗaki. Inna ta ce iska ce, an yi ruƙiyya an sha rubutu, daga ƙarshe ni da Yaya muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa aka ce sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali. Shekararsa 21, dama wajen nan ta fi kama maza.

Da likita ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi wallahi sai da gabana ya faɗi, Kawu na ƙauye na tuno, wanda ka sha gani a ƙarƙashin dalbejiya ya sandare ƙiƙam, hannu ɗaya a sama, ba magana ba motsi har tuwon da aka ajiye masa ya huce. Na ce ai nasa daban ne, shi shiru yake, Auta kuwa zargi ne da jin muryoyi. Likitan ya ce da haka ake karkasa ciwon, mai zargi daban, mai sandarewa daban, mai hargitsattsiyar magana daban, amma a 2013 likitocin Amurka suka cire rabon nan daga kundinsu DSM-5, don mutum ɗaya kan tashi daga wannan ya koma wancan. Ashe a gida ɗaya ma kowa da yadda take fito masa, saurin kamuwar ne ake gada.

Ka san ni da bin diddigi, na kwana ina karatu a waya har data ta ƙare. A cikin jama'a kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa. In ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ko ɗaya daga iyayenka ke da ciwon, haɗarinka ya kai wajen 10 cikin 100. Tagwaye masu kama ɗaya, da ƙwayoyin halittarsu duk iri ɗaya ne, in ɗaya ya kamu ɗayan kusan rabi da rabi ne, ka ga kenan ba jini kaɗai ke yankewa ba, wiwi ma na tunzura ta, kuma na san da su wa Auta yake zama a bayan makaranta. Sannan babu wata ƙwaya guda da za a nuna a ce ita ce, binciken da aka fitar a 2022 ya gano gurbi 287 a cikin ƙwayoyin halitta, kowanne ɗan mitsitsin tasiri gare shi. Sai wasu ƙalilan da aka haifa da giɓi a kuromosom na 22, wato ɗaya daga ƙunshin ƙwayoyin halittar mutum, su kam kusan 1 cikin 4 ke kamuwa.

Af, na manta, Ɗan Gajere ya yi aure! Shi da ya rantse sai ya gama gini. Kai kuma kana nan kana ta haddace nahawu, in ka dawo da furfura wa za ta kula ka?

Maganar auren ce ma damuwata. Gidan su mutuniyar sun fara bincike, ka san tambayar farko ita ce ko akwai taɓin hankali a dangi. Yaya ya ce mu yi shiru, ni kuma na ce a'a, na zaunar da ita na faɗa mata komai har lissafin, cewa ɗan da zan haifa haɗarinsa bai kai na wanda uwa ko uba ke da ciwon ba. Ta yi kuka, ta ce za ta yi magana da Abbanta da kanta. Yau kwana shida ina jira.

Auta dai alhamdulillah, sati biyar kenan yana shan magani, yana barci, ya yi ƙiba kaɗan, jiya da kansa ya ɓare salatif ɗin ya ce in ɗauke shi hoto in turo maka. Ka sa shi a addu'a, ka kuma kira Inna don Allah, tana ta tambayarka.

Naka har kullum.