A gwada iska a tafkin Madarunfa, amma a soma da allon ƙarƙashin ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Maradi, kuma ina roƙon fili a jaridarku domin magana kan shawarar da wasu matasa ke yi ta mayar da jirgin ruwa mai inji, irin wanda dandamali ne a kan dogayen ganguna biyu, ya koma tafiya da iska a tafkin Madarunfa da ke jihar Maradi a Nijar.

Dalilinsu a fili yake. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 man 'yan ruwa-ruwa, wato masu sayar da fetur ɗin Najeriya a bakin hanya, ya daina araha, sannan ƙarancin man da muka sha a watan Maris na 2025 ya nuna mana cewa inji ba abin dogaro ba ne kullum. Iskar hunturu kuwa tana kaɗawa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har Fabrairu, ba ta karɓar ko dala.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar aikin kamar kafa dogon ƙarfe ne kawai a ɗaura masa tamfol. Na ga gwaji irin wannan da idona: da iska ta cika tamfol ɗin, sai jirgin ya riƙa zamewa a kaikaice har ya kafe cikin ciyawar bakin ruwa, matuƙin yana ta fama da gora. Gangunan masu santsi ne kuma ba su nutse sosai ba, don haka babu abin da ke riƙe jirgin a cikin ruwa. Maganinsa shi ne a saka faffaɗan allo a kowane gefe, daidai wajen da ƙarfin iska ke taruwa, wanda za a iya saukewa cikin zurfi a kuma ɗaga shi idan an zo tudu, tare da allon tuƙi babba a baya, tunda da inji ake juya jirgin a da. Shi kansa dogon ƙarfen dole ya zauna a kan ƙaƙƙarfan tushe da ya haɗa gangunan biyu, a ɗaure shi da wayoyi uku, in ba haka ba zai huda katakon dandamalin. Rumfar sama ma a cire ta.

Kada a jefar da injin, a bar ƙarami saboda guguwar farkon damina, wadda kan taso daga gabas farat ɗaya. Irin wannan jirgi idan ya kife ba ya miƙewa da kansa.

Ina kira ga malaman fasaha na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da su zauna da masunta da sarkin ruwa a gwada jirgi guda a hunturu mai zuwa, ba fasinja, kowa da rigar kariya. Ni na ɗauki nauyin waldar allunan kyauta.

Naku,
Wani mai walda, Maradi