Ruwanda Na Tuna Mamatanta, Mu a Jos Fa?

Ranka ya daɗe Edita,

Duk 7 ga Afrilu, Ruwanda kan yi zaman makokin mutum kusan 800,000, galibinsu 'yan Tutsi, da aka hallaka cikin kwana 100 a 1994. Ba a tsaya ga kuka ba. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta ɗaure manyan masu hannu a kisan, kotunan gargajiya na gacaca suka gurfanar da maƙwabci gaban maƙwabcinsa. Kabuga ma, attajirin da aka zarga da ɗaukar nauyin kisan, bayan shekara 26 yana ɓuya, an cafke shi a Faransa.

Mu fa? Maƙwabciyata har yau tana ajiye da hular ɗanta, wanda ya fita ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, ranar da rikicin Jos ya ɓarke, bai dawo ba. Kwamitin binciken rikicin na Mai Shari'a Niki Tobi ya zauna, ya miƙa rahoto. Don Allah gwamnatin Filato ta faɗa mana wa aka hukunta.

Mai karatu,
Jos