Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Gyaran Na'ura da Ɗaliban Kwamfuta, Maraɗi

Ƴan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Zaman ranar Asabar bai yanke ba bana, sai cikin azumi da makon sallah. Kuɗin wata sun shigo, ko da yake wasunmu sai an bi su har shago.

Aikin da ya ci mana rabin shekara shi ne na tsohuwar kwamfutar nan da muka haɗa da inbatar sola ta wayar RS-232 (wayar aika bayanai tsakanin na'urori), don mu riƙa karanta ƙarfin batir. A gudun aika bayanai na bit 9600 cikin daƙiƙa lafiya lau. Da muka ɗaga zuwa 115200 sai haruffa suka soma ɓacewa, lamba ta fito rabi da rabi. Mun canza waya, mun zargi zafin Afrilu, ashe laifin yana cikin direban da muka rubuta da hannunmu, wato ƙaramar manhajar da ke kwasar saƙon da ya shigo ta wayar.

Ga yadda abin yake. Duk sa'ad da saƙo ya iso, guntun UART, wato ɗan guntun lantarki mai karɓar saƙon, yakan katse kwamfuta, kamar mai sallama a ƙofar gida. Sallamar COM1, wato ramin da ake jona wayar, ta layin katsewa na IRQ 4 take bi. A 9600 harafi 960 ke shigowa cikin daƙiƙa, a 115200 kuwa 11,520. Guntun UART ɗinmu, samfurin 16550, harafi 16 kawai yake iya riƙewa, mu kuma mun ce kada ya yi sallama sai sun kai 14. Saura gurbi biyu ke nan! Ga shi direbanmu kan tsaya rubutu a allo kafin ya kwashe, sabon harafi ya zo ya tarar babu wurin zama.

Wata ɗalibarmu daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ce ta gano, bayan ta kwana biyu tana duban alamar ambaliya a rajistar LSR, inda guntun ke nuna halin da layin yake ciki. Allah ya yi mata albarka. Yanzu direban kwasa kawai yake yi ya zuba a rumbu mai zagaye (ma'ajiyar wucin gadi cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta), manhaja ta ɗiba daga baya a natse. Mun mayar da sallamar kan harafi 8, mun kunna layukan sigina na RTS da CTS domin in rumbu ya cika a ce wa mai aikowa ya dakata.

Horon mata kan Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake sarrafa na'urori da shi, bai samu ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Shi za mu sa gaba bayan damina. Mai adaftar CH340 (mai haɗa USB da irin wannan waya) da ba ya amfani da ita, don Allah ya kawo wa ma'aji ranar Asabar.

Sakataren ƙungiya