Laifin Ba Na Ƙaramar Filasha Ba Ne, Na Wurin da Aka Ɗora Ta Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari na sana'ar ɗaukar hoto, wanda ya shafi jaridu kai tsaye tunda da wuya shafi ya fita babu hoto a jikinsa. Al'amarin shi ne ƙaramar fitilar nan mai walƙiya da ake ɗorawa a saman kyamara, wato filasha, da kuma baƙin jinin da ta yi a wurin masu hoto da waɗanda ake ɗauka. Sau da yawa za ka ji ana cewa tana ƙona fuska, tana sa goshi ƙyalli, tana jefa baƙar inuwa a bango bayan mutum, wani lokacin ma ta mayar da idanu jajaye. Duk waɗannan aibobi gaskiya ne, kuma ana ganin su a hotunan taruka da ake bugawa kullum, amma ra'ayina shi ne ba fitilar ce ke haifar da su ba, wurin da aka ajiye ta ne, kuma duk wanda ya gane haka zai iya fitar da hoto na a zo a gani da fitilar da za ta shiga aljihun jaka.

Ido ba ya gane siffar abu sai haske da inuwa sun haɗu: tudun hanci, zurfin ido da lanƙwasar kumatu, duk inuwa ce ke bayyana su. Idan fitila tana zaune a kan kyamara, 'yan santimita ne kawai tsakaninta da gilashin da ke ɗaukar hoton, saboda haka hasken yana bin hanya ɗaya da kallon kyamarar, ya cike kowane lungu na fuska har ta zama shimfiɗaɗɗiya, inuwar kuma ta koma baya inda ba ta da wani aiki sai mannewa a bango. Jan idon ma daga nan yake fitowa, domin hasken yana shiga ta ƙwayar ido, ya bugi can ciki inda jijiyoyin jini suke, sannan ya dawo cikin kyamara ta hanyar da ya bi. Da zarar an cire fitilar an riƙe ta a gefe, ko da tsawon hannu ɗaya ne, kuma an ɗan ɗaga ta sama da kan mutum, jan ido ya kau, inuwar bango ta faɗi ƙasa, fuska kuma ta sami ɓangare mai haske da ɓangare mai inuwa kamar yadda muka saba ganin ta kusa da taga.

Ɗora fitila a kan kyamara ba dokar haske ba ce, dabara ce ta sauƙaƙa aiki da ta zo daga baya. A 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin maganiziyam da wani sinadari mai hura ƙonewa suka samar da hodar walƙiya, wadda ake zubawa a kan faranti mai mariƙi, a ɗaga sama da hannu a kunna. Da irin wannan hoda ce ɗan jarida Jacob Riis ya shiga ɗakunan talakawa masu duhu a birnin Niyu Yok ya ɗauko hotunan da suka tayar da hankalin mutanen Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Hodar tana da hayaƙi da haɗarin gobara, amma tana hannun mutum, yana iya kai ta inda yake so. Ƙwan fitila mai ƙonewa sau ɗaya ya biyo baya wajen 1930, sannan Harold Edgerton na jami'ar MIT ta Amurka ya inganta fitilar lantarki mai walƙiya tun daga farkon shekarun 1930, har ya iya tsayar da ɗigon madara da harsashi mai gudu a cikin hoto. Filashar yau daga aikinsa ta samo asali: batir yana cika wata ma'ajiyar wuta a hankali, ita kuma ta sake wutar gaba ɗaya cikin ƙaramin bututu mai iskar zenon. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne an sami ƙananan na'urorin rediyo, ɗaya a kan kyamara ɗaya a jikin fitila ko a cikinta, waɗanda ke sa fitilar ta haska daidai lokacin da aka danna, ko da tana ɗaya gefen ɗaki. Kamfanoni irin su Canon, Nikon da Godox duk suna yin su, saboda haka uzurin barin fitila a saman kyamara ya ragu ƙwarai.

Bayan wurin da haske ya fito, abin da na fi so masu hoto su tsaya a kansa shi ne girman mafitar hasken idan an gwada ta da abin da ake ɗauka. Rana ta fi duniya girma nesa ba kusa ba, amma saboda nisanta tana bayyana ƙarama a sama, shi ya sa inuwar tsakar rana take da kaifi; idan gajimare ya rufe ta, sai sararin sama gaba ɗaya ya zama mafitar haske, inuwa ta yi laushi har ta kusa ɓacewa. Bakin filasha bai kai tafin hannu ba, don haka haskenta kai tsaye irin na tsakar rana ne. Amma idan aka juya kanta zuwa farin bango ko farin silin, wurin da hasken ya buga, wanda zai iya kai faɗin mita ɗaya ko biyu, shi ne ya zama fitilar, kuma hasken da ya dawo daga can mai laushi ne. Farar laima ta masu hoto ko akwatin yadi da ake sa fitila a ciki aiki ɗaya suke yi, kuma gwargwadon kusantar su da fuska gwargwadon laushin hasken. A nan ne nake da ƙorafi a kan 'yar hular robar nan da wasu ke sa wa bakin filasha suna zaton ta gama magance matsala: a cikin ƙaramin ɗaki mai fararen bangwaye tana taimakawa domin tana watsa haske zuwa bangwayen, amma a fili, inda babu abin da zai dawo da hasken, ba ta ƙara girman mafita da komai ba, batir kawai take cinyewa. Sai dai a kula da launin abin da ake buga wa haske, domin koren bango koren haske zai dawo da shi, kuma silin mai tsawo sosai zai shanye ƙarfin fitilar kafin ya sauko.

Wannan batu na girman mafita ya fi nauyi idan wanda ake ɗauka baƙar fata ne, kuma a nan ne na ga an fi yin kuskure. Fata mai duhu ba ta dawo da haske mai yawa ta kowace fuska kamar fata mai haske, saboda haka abin da ido ya fi kamawa a kanta shi ne ƙyallin mafitar hasken kanta, kamar yadda ake ganin hoton taga a jikin sabuwar baƙar mota. Idan mafitar ƙarama ce, ƙyallin zai zama ɗan farin tabo mai zafi a goshi da kan hanci, sauran fuskar kuma ta zauna cikin duhu. Idan babba ce kuma tana kusa, ƙyallin zai bazu a hankali bisa goshi da kumatu, ya zana siffar fuskar da kyau, launin fatar kuma ya fito yadda yake. Mai hoto da ya ga fuska ta yi duhu ya ƙara wa fitila ƙarfi bai gyara komai ba, tabon ne zai ƙara zafi, farar rigar da ke jikin mutumin kuma ta ƙone har a rasa ɗinkinta. Maganin shi ne a ƙara girman mafita a matso da ita, idan kuma akwai fitila ta biyu a ajiye ta a baya daga gefe, da ɗan ƙarfi kaɗan, domin ta zana layin haske a gefen kai da kafaɗa ta raba mutum da duhun da ke bayansa.

Nisa kuwa yana da lissafin da ba ya sauyawa: idan tazarar da ke tsakanin fitila da abu ta ninka biyu, hasken da ke isa gare shi ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, idan ta ninka uku kuma ɗaya cikin tara. Wannan ne dalilin da ya sa a hoton taro sahun gaba ke ƙonewa sahun baya na cikin duhu, domin idan na gaba suna mita 2 daga fitila na baya suna mita 4, rubu'in haske kawai na bayan ke samu. A mayar da fitilar mita 6 daga sahun gaba, sai na baya su zama a mita 8, su sami fiye da rabin abin da na gaba suka samu, bambancin da ido zai iya haƙuri da shi. Lissafin nan yana da amfani ta ɗaya gefen ma, domin wanda ke son bango mai tarkace ya ɓace sai ya matso da fitila mita 1 daga fuska alhali bangon yana mita 4 daga fitilar, bangon zai sami kashi ɗaya cikin goma sha shida kawai.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato kowane hoton filasha hotuna biyu ne a haɗe, na hasken wurin da na walƙiyar. Walƙiyar gajeruwa ce ƙwarai, a ƙaramin ƙarfi takan gaza kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, saboda haka tsawon lokacin da labulen kyamara, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga idan an danna, ya zauna a buɗe bai dame ta ba, hasken wurin kawai yake ƙarawa ko ragewa. Mai hoto yana iya barin labulen ya ɗan jima domin fitilun zaure su fito a baya, ko ya gaggauta shi domin sararin yamma ya yi duhu mai kyau, fuska kuma filasha ta riƙe ta. Iyakar ita ce yawancin kyamarori ba sa barin a wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, domin labulen biyu ne, kuma bayan haka na biyun yana fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, sai baƙin layi ya fito a gefen hoto. Akwai tsarin da ke sa fitila ta yi ta walƙiya a jere domin a wuce wannan iyaka, amma yana cin ƙarfinta sosai. Launi ma sai an daidaita: hasken filasha yana kusa da na rana, wajen 5,500 a ma'aunin launin haske na Kelbin, alhali tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 3,000, don haka idan ba a manna 'yar takardar roba mai ruwan lemo a bakin filasha ba, fuska za ta fito launi ɗaya, ɗakin kuma wani launi daban.

Game da barin kyamara ta auna ƙarfin fitila da kanta, tsarin da ake kira TTL, ba na cikin masu raina shi, domin a wurin da mutane ke kai da komo babu abin da ya fi shi sauri. Sai dai yana aiki ne da wata 'yar walƙiyar gwaji da yake aikawa kafin ta ainihi, kuma fararen tufafi suna ruɗinsa ya rage haske, baƙin bango kuma ya sa shi ya ƙara. Idan mutum yana zaune wuri ɗaya fitila ma tana wuri ɗaya, gara a saita ƙarfin da hannu, daga cikakke zuwa rabi, rubu'i, har zuwa 1/128 a yawancin fitilu, domin hoto na goma ya fito daidai da na farko, batir ya daɗe, fitilar kuma ta riƙa cika da wuri ba tare da ta yi zafi ba.

Ba ina cewa ƙaramar filasha tana iya komai ba ne. Lambar ƙarfi da ake rubutawa a kwalinta nisa ne da aka ninka da lambar tagar haske, wato ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara, wadda ake rubutawa kamar f/8, saboda haka fitila mai lamba 40 a ISO 100 (ma'aunin saurin kama haske na kyamara) tana kai mita 5 ne a f/8, kuma a tsakar rana, inda kyamara ke neman wajen f/11, ba za ta kai mita 4 ba, balle an sa mata laima. Masu haska ta daga saman kujerun filin wasa ƙeyar na gabansu kawai suke haskawa. Haka kuma wanda ya gaji tsohuwar filasha ta zamanin fim ya bincika kafin ya ɗora ta a kyamarar zamani, domin wasu tsofaffin, kamar farkon samfurin Vivitar 283, suna aika wutar da ta haura bolt 200 ta ƙafar da suke zama da ita a kan kyamara, abin da zai iya lalata kyamarar. Kuma kada wanda ba gwani ba ya buɗe cikinta, domin ma'ajiyar wutar tana riƙe da caji mai haɗari ko bayan an cire batir.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan za a tura wakili hira da wani, a riƙa ba mai hoto 'yan mintoci nasa na kansa tare da wanda za a yi hirar da shi, kafin a fara ko bayan an gama, maimakon a bar shi yana ɗaukar hoto daga bakin ƙofa yayin da ake magana. Mintocin nan sun ishe shi ya zaɓi bango, ya kafa fitila a kan sanda ko ya ba wakilin ya riƙe masa, ya gwada sau biyu ya gyara. Zai kuma yi amfani idan jaridar ta riƙa ware ɗan fili lokaci zuwa lokaci inda ƙwararrun masu hotonta za su nuna hoto guda su bayyana inda suka ajiye fitila, da nisanta, da ƙarfin da suka sa mata, domin matasa masu koyon sana'ar su ga yadda ake yi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto, mai karanta wannan jarida.