Zuwa ga Habu, kafin ka ɗaure kaya

Assalamu alaikum Habu,

Ya jikin Inna? Ya Gusau da zafi? A bakin Malam Tanko na ji bizar Ingila ta fito, kai kuwa ko waya. Allah ya sanya alheri. Abin da ya sa na kasa jira shi ne an ce Baba Alhaji ya buɗe adaka ya ba ka kuɗin Ingila da ya ajiye tun tafiyarsa.

Ka fito da su ka shafa. In na takarda ne, ba kantin da zai karɓa. Tun 30 ga Satumba 2022 aka daina amsar fam 20 da fam 50 na takarda, su biyar da goma kuwa sun riga su tafiya. Na yanzu na roba ne masu santsi, da wani gurbi da kake hango yatsanka ta cikinsa. Kuɗin ba su mutu ba, Babban Bankin Ingila da ke Landan yana musanya su, ka je da fasfonka. Kada ka kai wa 'yan canji a nan, da ragi mai yawa za su saya. Kwandalar fam ɗaya mai zagaye ma an janye ta a Oktoban 2017, ta yanzu gefe 12 gare ta, launi biyu.

Na san Baba zai zaunar da kai ya yi maka lissafin sule ashirin fam guda, kwabo sha biyu sule guda. Ka saurara da ladabi, amma Ingila ta bar wannan a 1971, kwabo ɗari ne fam. Mu ma a 1973 muka bari, aka ba da naira biyu kan kowane fam.

Inda za ka ruɗe shi ne kasuwa, don a bakinsu fam na kuɗi da laba ta awo suna ɗaya ne, wato pound. Laba giram 454 ce, kilo ɗaya laba biyu da ɗan ɗori. In mahauci ya rubuta fam 4 da lb a gefe, farashin laba ke nan, kilo ya kusa fam 9. Haka ma'aunin hannu na kaya: yana da maɓallin da ke juya shi tsakanin kilo da laba. Jakar kilo 23 laba 50 ce. Ka duba harafin kafin ka fara zazzage kaya a banza.

 

Sai batun turmin da uwargida ta ce ba ta bari. Kai da ba ka taɓa ɗaga taɓarya ba, ka lallashe ta. Benayensu da yawa daɓen katako ne, kirɓi ɗaya na ƙasa zai hau ya buga ƙofa. Ga garin sakwara a shagunan 'yan Afirka, kuma kalmar nan ta pound ce dai za ka gani a jikin ledar, a can ma'anarta daka. Ruwa kofi biyu ya tafasa, a rage wuta, a riƙa barbaɗa gari kofi ɗaya ana tuƙawa. In aka juye shi lokaci guda, gudaji zai yi. Kilishi da man shanu kam ka bar su, an hana shiga da nama da kayan madara daga nan, ƙwacewa za a yi.

Ka aiko mini da hoton kuɗin, gaba da baya. A gaida Inna da yara.

Naka,
Sani