Wasiƙa zuwa ga ɗana mai injin shinkafa a Gombe

Daga Kumo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ya ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu ma nan muna lafiya, in ban da ƙafar mahaifiyarka da ke matsa mata duk lokacin da sanyi ya shigo. Na zaɓi in rubuta maka takarda ne maimakon in kira ka, saboda duk sa'ad da na kira, kafin in kai ƙarshen zance wani kiran ya shigo, ka ce in yi haƙuri za ka neme ni, kuma irin wannan magana ba a yin ta guntu-guntu.

Labari ya iso mini daga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, kuma kada ka wahalar da kanka wajen neman wanda ya kawo shi, domin ba bakin mutum ɗaya ba ne. An ce akawunka, yaron nan na Deba da kuka faro tare tun kana sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, 'yan buhuna kana kaiwa injin mutane, ya ajiye maka littafi ya tafi, bayan ka daka masa tsawa a gaban 'yan dako a kan ragin da ya yi wa wani tsohon abokin cinikinka. An kuma ce lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai, mota ta zo daga Maiduguri ɗaukar kaya, ta kwana a ƙofar injin, ta koma wayam. Ga shinkafa maƙil a sito, ga ma'aikata a zaune, amma makulli yana aljihun rigarka a asibiti, kuma ko da an samu makullin, babu wanda ya isa ya yanke farashi.

Ban yi gardama da wannan labari ba, domin na gani da idona ranar ɗaurin auren ƙanwarka. Liman yana karanto addu'a, mutane sun ɗaga hannu, kai kuwa ka sunkuya ka rufe baki da hularka kana gaya wa wani nawa zai sayo zaren ɗinkin buhu. Zaren ɗinki, ɗana! Mutumin da ke biyan albashin mutane masu yawa, amma har yau ba a samu wanda zai sayi zare ba sai da izininsa. Kawunka ya dube ni, na kawar da kai.

Bari in faɗa maka abin da na san abokanka ba za su faɗa maka ba. Kasuwancinka ya girma, kai ba ka girma tare da shi ba. Na san kana da ido, ka ɗauki ƙwaya ka ciza ka gane ko ta bushe ko da sauran danshi, ka dubi buhu ka san an yi masa cushen ƙaiƙayi a tsakiya. Wannan baiwa ce, kuma ita ta kai ka inda kake. Amma kada ka manta cewa lokaci ma ya taimake ka. Da gwamnati ba ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ba, har shinkafar gida ta yi daraja, masu noman rani a Dadin Kowa suka ƙara faɗin gonakinsu, da wataƙila har yanzu kana bin layi a injin wasu. Kasuwar da ta ɗaga ka cikin 'yan shekaru ba ta tsaya ta koya maka riƙon mutane ba, kuma ba ta yi maka alkawarin zama yadda take ba. Kai ma shaida ne a kan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da manoma suka ƙi sayar da kaya sai da kuɗi a hannu, da cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wanda ya ninka kuɗin mota, da kuma dakatar da harajin shigo da shinkafa na ɗan lokaci a 2024. A irin waɗannan ranaku, wanda yake da mutanen da za su zauna su yi tunani tare da shi ya fi wanda yake da manyan injina shi kaɗai.

Amma ba asarar mota ɗaya ce ta hana ni barci ba, ba kuma faɗuwar farashi ba. Abin da nake tsoro shi ne duk wannan dukiya a cikin kanka kaɗai take zaune. Ka san labarin maigidana na zamanin auduga, wanda hotonsa ke rataye a zaurena, ko da yake ka san rabinsa ne kawai. Lokacin da audugar wannan ƙasa ke cika jirgin ƙasa a tashar Gombe, shi ne wanda ake nunawa da yatsa. Yana da motoci, yana da masu saye a ƙauyuka, kuma bai taɓa rubuta komai ba, domin yana alfahari da cewa ƙwaƙwalwarsa ta fi kowane littafi. Mu yaransa kowa ya san guntun aikinsa ne kawai, idan ka tambayi abin da ya wuce naka sai ya ce kana son ka gaje shi da rai. Ya yi sallar azahar tare da mu, kafin magariba Allah ya karɓi abinsa. Bayan addu'ar bakwai, waɗanda suke binsa bashi suka cika zaure, kowa da shaidunsa. Waɗanda shi yake bi kuwa, ko ɗaya bai zo ba. Ina tsaye aka buɗe akwatin ƙarfensa a gaban magada, aka sami makullai a ɗaure da tsumma, aka rasa wanda ya san ƙofar da kowanne yake buɗewa. Motocin suka ruɓe a inda aka ajiye su, 'ya'yansa suka yi ta shari'a da juna, uwargidansa wadda ta ciyar da mu shekara da shekaru ta ƙare rayuwarta a ɗakin haya.

Da aka ce mini kana kwance a asibiti da makulli a aljihu, wannan akwati na tuna. Na dubi jikokina, babbansu bai gama firamare ba. Idan yau ta Allah ta kasance, wa ya san manoman da ka ba wa taki da kuɗin aiki a kan za su biya da shanshera? Wa ya san abin da ka karɓa a banki da abin da ka jingina? Matarka ta sani? Ƙaninka ya sani? Ni mahaifinka ban sani ba. Kana ganin kana tsare dukiyar 'ya'yanka ne, alhali kuwa hanyar da za ta ɓace musu kake sharewa. Wannan ba taka-tsantsan ba ne, son kai ne, kuma ba haka na rene ka ba.

Ka dubi gidan Alhassan Ɗantata a Kano. Ya rasu a 1955, amma kasuwancinsa bai bi shi kabari ba, domin tun yana raye yana da wakilai masu saye da sayarwa da sunansa a garuruwa, ya kuma sa 'ya'yansa cikin harkar, har ɗansa Aminu ya riƙe gidan zuwa rasuwarsa a 2025. Ba ina cewa ka zama Ɗantata ba ne. Ina cewa ne attajirai nawa aka yi a Gombe da Bauchi waɗanda yau sai dai a nuna maka kangon gidansu, kuma ba rashin wayo ne ya kai su ga haka ba.

Na san amsarka, za ka ce mutanen yanzu ba su da amana, kuma an taɓa cutar ka. Gaskiya ne an cuce ka. Amma maganin ɓarawo ba shi ne ka mayar da kowa ɓarawo ba, maganinsa tsari ne. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubuta littafi daban, mai riƙe sito daban, ta yadda ba za a yi ɓarna ba sai mutum uku sun haɗa baki, kai kuma kana ƙirga buhuna ba tare da sanarwa ba. Kada buhu ya fita sai da rasit, ko da kuwa gidana za a kawo shi. Tunda ka yi wa kamfanin rajista da hukumar CAC, to ka raba asusunsa da aljihunka, ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, ka daina zarar kuɗin cefane da na biki daga cinikin rana. Bashi kuwa a rubuta shi da shaidu, babba ko ƙarami. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma kai ka haddace ta tun kana ɗan makarantar allo.

Sai dai littafi da rasit su ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne ka iya kallon wani yana yin abin da ka fi shi iyawa, ka kame bakinka. Ka ware mutum biyu ko uku, ka gaya wa kowanne iyakar abin da zai yanke ba tare da ya neme ka ba, ka kuma faɗi hakan a gaban sauran ma'aikata domin su san da yawunka yake magana. Zai yi kuskure, zai sayo shanshera mai danshi, zai yi ragin da kai ba za ka yi ba. Ka ɗauki wannan asara a matsayin kuɗin makaranta. Ka kira shi ofis ka rufe ƙofa, ka tambaye shi dalilinsa kafin ka faɗi naka. Wanda ka tozarta a gaban na ƙasa da shi ka kashe shi a wurin aiki, ko da ya ci gaba da zuwa kullum, domin daga ranar ba zai sake yanke komai ba, sai dai ya ce a jira Alhaji. Ka sa rana guda a mako ku zauna bayan la'asar, kowa ya kawo abin da ya gani, kai kuma ka zama na ƙarshe da zai yi magana, domin da zarar ka fara, sauran amin kawai za su ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wahayi yake samu, amma duk da haka aka umurce shi da ya shawarci sahabbansa.

Akwai kuma abin da kai kanka za ka koya, kuma babu kunya a ciki. Ka iya gane shinkafa, amma ba ka iya karanta lissafin shekara ba, shi ya sa kake ɗaukar yawan ciniki a matsayin riba. Ka samu masanin lissafi ka biya shi ya zauna da kai har ka gane nawa kowane buhu yake ci maka na man gas da gyaran inji da lebura da kuɗin mota. Ko zakkarka ba za ta fita daidai ba sai da wannan.

Game da 'ya'yan gwaggonka, na ji an ce kana cewa ni na ɗora maka su. Ni na turo su, kuma ko gobe zan sake turo wani, domin arzikin da dangi ba su amfana da shi ba ban san amfaninsa ba. Amma na turo su ne su koyi aiki, ban ce ka bar su su zauna a inuwa suna latsa waya suna yi wa akawu gadara da sunana ba. Ni da na haife ka, a dako na fara sa ka, kana kuka mahaifiyarka tana fushi da ni, kuma har yau ban ga abin da hakan ya rage ka da shi ba. Ka fara da su daga wurin awo da shanya. Wanda ya nuna ƙwazo ka ɗaga shi, wanda ya ƙi ka maido mini da shi, ni zan ji da gwaggonka. Yaran da suka daɗe tare da kai kuma, ka sa wa kowanne lokacin da za ka sallame shi da jari, kamar yadda aka saba tun kakanni. Kada ka ji tsoron za su zama kishiyoyinka a kasuwa, yawancinsu a wurinka za su riƙa sarin kaya.

Kada zafin wannan takarda ya sa ka ɗauka ban ga ƙoƙarinka ba. Ka kai mu Makka, ka ɗauki karatun ƙannenka, ba ka taɓa bari na nema ba. Idan na bi ta gaban injin na ga mutanen da ke cin abinci ta dalilinka, ni kaɗai na san abin da nake ji. Na kuma ga yadda ka rame, na ga furfura a gemunka tun ba ka kai shekarunta ba, mahaifiyarka ma ta gani, ita ce ma ta matsa in rubuto.

Yaron nan na Deba, kada ka aika masa kowa, kada kuma ka kira shi a waya. Ka je gidansu da ƙafarka ka ba shi haƙuri, ko zai dawo ko ba zai dawo ba. Idan kana jin nauyi, ka biyo ta Kumo ka ɗauke ni mu tafi tare, na san mahaifinsa. Sannan ranar Juma'a mai zuwa ina son ganin ka a gida, kai da ƙaninka, ka zo da sunayen duk wanda kake bi da duk wanda yake binka, mu rubuta kwafi biyu, ɗaya ya zauna a wurina. Ka bar wayarka a mota idan ka iso.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a turo mata yaran idan an yi hutu, kuma maganin ƙafarta ya kusa ƙarewa. Ka gaishe da mai ɗakinka. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka.